Ranar Da Na Loda Wa Motar Alhaji Mutum Tara

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Wata baiwar Allah ta rubuta a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya cewa bai dace mai furfura ya riƙa ba da labarin soyayya ba. Baiwar Allah, ban ja hannunki ba, in bai yi miki ba ki wuce. Waɗanda kuka shigo yau kuma, ga ni a taƙaice. Sunana Mati, faci nake yi a bakin titin Kukar Sambo, kafin ka shiga Minjibir. Shekarata arba'in da takwas. Matata Rahmatu ta rasu shekara uku ke nan, Allah ya ji ƙanta. Wadda nake nema yanzu Maijidda ce, bazawara mai 'ya'ya biyu, tana zaune gidan yayanta Alhaji Uwaisu tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wata bakwai ina zuwa zance. Ni da ita mun gama magana tuntuni. Abu ɗaya ya rage, Alhaji ya buɗe baki ya ce in turo manyana, don mahaifinsu ya rasu, shi ne uba yanzu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Abin da ya riƙe masa baki kuwa wani Ja'afaru ne, mai sayar da kayan mota a birni, shi ma ya shigo nema. Mutum ne da turarensa ke riga shi yin sallama. Ya lura Maijidda ba ta ba shi fuska, sai ya bar ta ya kama yayanta. Toshin da ya kawo ba atamfa ba ce, ba sarƙa ba. Wili huɗu ne na aloyi, irin masu ƙyalli kamar sabon faranti, da tayoyinsu huɗu 'yan Beljiyam, wai kyauta ga motar Alhaji.

Sai kun san shekarar da muke ciki kafin ku gane nauyin wannan kyauta. Tun da fetur ya haukace, rabin motocin garinmu an ɗora su kan duwatsu, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu. Sabuwar taya sai dai mutum ya ji labarinta. Akwai tayar da na yi wa faci har ta zama facin ya fi tayar yawa. A cikin wannan hali, tsohuwar Golf ɗin Alhaji, ja, mai dogon baya, tana cikin motoci uku da suka rage suna numfashi a garin. Yana son ta fiye da yadda zan iya faɗa muku. Da kansa yake wanke ta.

Ranar Laraba bayan la'asar na je zance. Na sa kaftanina ruwan toka da hula damanga, na wanke hannu da omo sau uku, duk da haka baƙin bai bar farcena ba. Ta fito soro cikin atamfa ruwan ganye da mayafi ruwan madara, jan lalle a tafin hannu, ƙamshin humra da na soyayyen man gyaɗa sun haɗu a jikinta. Ni dai wannan haɗin ya fi mini duk wani turaren birni. Ta ajiye mini kwanon sha da kunun gyaɗa, ta zauna a gefen tabarma.

"Malam Mati, gobe Yaya zai kawo maka mota."

"Me ya same ta?"

"Lafiyarta ƙalau. Sababbin takalma za a sa mata."

Na ajiye ludayi. "Na Ja'afaru?"

"Na Yaya dai. An ba shi."

"Shi mai kyautar ba shi da mai ɗaurawa a birni?"

"Yaya ya ce ba mai taɓa masa mota sai kai. Ka ga ai yabo ne." Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "A ɗakinsa fa ya ajiye su, ya lulluɓe da zanen gado. Kullum da safe sai ya goge su da tsumma. Matarsa ta ce ko lokacin da take amarya bai kalle ta haka ba."

Ban yi dariya ba. Ta dube ni ta gyara zama.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Ka ɗaura, ka ce Allah ya sanya alheri, ka ja bakinka ka yi shiru."

"Ni yaushe na taɓa yin magana?"

"Kai? Wa ya ce wa Ladan kekensa ba faci yake so ba, sutura yake so?"

"Ƙarya na yi?"

"Wa ya ce wa Maigari a gaban jama'a ba ya iya ribas?"

"Katangar masallaci shaida ce."

"Ka gani ko? To Yaya ba Ladan ba ne. Duk abin da ka faɗa a kan kayan nan, ko gaskiya ne, cewa za a yi kishi ne. Shi kuwa Ja'afaru jira yake ka yi kuskure. Ka bari a wuce wurin. Ran Asabar ma da su za mu tafi suna Ɗambatta, Yaya so yake dangi su gani."

"Ku da wa?"

"Duk matan gida. Ni da yarana muna baya. Ga buhun gero na mai jego, ga jarkar mai biyu."

Na ce to. Na shanye kununa. Na yi mata alkawari, kuma wallahi da niyyar cikawa na yi.

Da na koma gida na tarar labari ya riga ni. Yaya Hure ce, yayata da ke riƙe mini gida tun rasuwar Rahmatu. Tana tsakar gida tana kaɗa miyar kuka, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mati."

"Na'am Yaya."

"Shekara uku ina tuƙa maka tuwo. Ka ga hannun nan? Ya gaji. Gwiwar nan in na durƙusa sai na yi salati nake tashi. Ina da jikoki a Rimin Gado da ba su san fuskata ba."

"Na sani Yaya."

"Ba ka sani ba. Gobe ko tayar jaki aka kawo maka a ce ta mota ce, ka ce masha Allah. Tun kana ƙarami bakin nan ke jawo mana magana. In ka kori yarinyar nan da shi, ka nemi mai tuƙa maka, ni na yi gaba."

Da safe ina buɗe shago saƙon murya ya shigo daga Maijidda. Ba ma rubutu da ita, murya muke yi, ta fi sauri. Daƙiƙa shida ne kacal: "Barka da asuba. Sun kusa fitowa, har da shi. Ka tuna, masha Allah kawai." Na saurara sau huɗu, ba don ban gane ba.

Wajen hantsi suka iso. Alhaji cikin farar babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, Ja'afaru a gefensa cikin shadda ruwan goro mai sheƙi, da baƙin gilashi da makulli a yatsa yana juyawa. A gindin darbejiyar da ke gefen shagona akwai majalisa, manoma ne da direbobin da motocinsu suka kwanta, sun dawo daga cirar gyaɗa suna hutawa. Ana buɗe but aka yaye zanen gadon, gaba ɗaya suka taso.

"Kai! Wannan ai ta gwamna ce!"

"Alhaji, ka rufe, za ta kashe mana ido!"

Alhaji sai murmushi yake yana shafa gemu. Ja'afaru ya miƙo mini yatsu biyu a madadin hannu.

"Oga mai faci, ka taɓa ɗaura irinsu kuwa? A hankali fa, ba wilin kura ba ne. Kar ka karce."

Na ce, "Masha Allah."

Na mirgino taya ɗaya na goge gefenta da babban yatsa don in ga lamba. Nan na ga matsala.

Bari in tsaya in yi muku bayani, don matan zauren nan da yawa mazajenku na da mota. Kowace taya akwai lamba uku a jikinta. Ta farko faɗinta ce. Ta biyu kaurin gefenta, wato tsayin roba daga ƙarfe zuwa ƙasa. Ta uku girman wilin da za ta shiga. Mutanenmu ta ukun kawai suke kallo. Wili sha shida, taya sha shida, shi ke nan an gama, a ɗaura. Alhali mota ba wili take gani ba, tsayin ƙafar gaba ɗaya take gani, kuma ramin da aka yi wa ƙafar a jikinta ba ya ƙaruwa. In ka ƙara girman ƙarfe, dole ka rage kaurin roba, don ƙafar ta tsaya yadda take. Tayar da ke motar Alhaji 185/60 ce a wili sha huɗu. Wadda Ja'afaru ya kawo 205/55 ce a wili sha shida. Ƙarfe ya ƙaru, roba ba ta ragu ba, ga shi ta fi faɗi.

Ni ban yarda da ido ba, ban kuma cika yarda da lamba ba. Ina da igiyar da nake awo. Na sa jak na ciro tsohuwar ƙafa ɗaya, na zagaya ta da igiyar na ƙulla alama. Na sa wa sabon wili tayarsa, na ba ta iska, na zagaya. Igiyar ta gaza da kusan taƙi guda.

"Me kake aunawa, Mati?" in ji Alhaji.

"Ba komai, Alhaji. Masha Allah."

Ja'afaru ya yi dariya. "Tela ne ashe. Ko riga za ka ɗinka mata?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Na haɗiye. Na ɗaura ta farko, ramukan noti sun zauna daidai. Na ɗaura ta biyu, ta uku, ta huɗu. Na sauke jak. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, motar ta yi kyau. Tsohuwar nan ta koma yarinya. Na zura hannu tsakanin taya da bakin ƙarfen bodi a baya. A da, yatsu huɗu ke shiga a sake. Yanzu biyu, su ma da ƙyar. Kuma ba kowa a ciki.

Alhaji ya zagaya ta sau biyu. Ya tsuguna ya ga fuskarsa a wili ya gyara hula.

"Yaya ka gani, Mati?"

Duk aka zuba mini ido, don sun san ni. Na ji muryar Yaya Hure a kunnen dama, ta Maijidda a na hagu.

"Masha Allah," na ce. "Allah ya sanya alheri."

"Amin, amin." Ya buɗe ƙofa zai shiga.

Ga aure nan a hannuna, jama'a. Juya baya kawai zan yi in tattara sifanuna. Sai idona ya sauka kan kujerar baya, daidai saman tayar nan. Na san hanyar Ɗambatta bayan damina, na san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. Na kuma san abin da ƙarfe ke yi wa gefen taya in ya riƙa cizonta cikin gudu da zafin rana. Ba sacewa take yi a hankali ba, fashewa take yi. Na taɓa zuwa ɗauko irin wannan motar daga cikin gonar dawa, ba zan faɗi abin da na gani ba.

Na yi alkawarin ba zan kushe ba. Ban yi alkawarin ba zan gwada ba.

"Alhaji, dakata. Ai ba a yi gwaji ba."

"Wane gwaji?"

"Ƙa'idata ce. Motar da na sauya wa ƙafa ba ta barin wurina sai ta taka da kaya. Daga nan zuwa kwanar makaranta a juyo."

Ja'afaru ya ce, "Ba sai an gwada ba. Ni na sa irinsu a mota ta fi hamsin."

"A birni," na ce. "A birni mota mutum biyar take ɗauka. Alhaji, jibi mutum nawa za ka ɗauka?"

Ya ɗan yi lissafi da yatsu. "Manya bakwai. Sai yara."

"Da buhu da jarka. To mu ce tara." Na juya wajen majalisa. "Wa ke son ɗani?"

Kar ku manta wasu a cikinsu sun yi wata shida ba su shiga mota ba. Kafin in rufe baki an cika. Biyu a gaba, Ja'afaru da wani ƙato da ake kira Sama'ilu mahauci, wanda ya matse shi har shaddar ta yi kuka. Huɗu a baya. Uku a but, ƙafafu a waje, suna ɗaga wa mutane hannu kamar masu tafiya Makka. Alhaji kuwa daɗi ya kama shi, ga jama'a za su shaida. Ya tayar da mota ya danna ham sau uku.

Ni ban shiga ba. Na tsuguna na duba. Bayan motar ya zauna, bakin bodi ya sauko har ya rufe saman taya. Ko takarda ba za ta shige ba.

Suka ja. Taku goma na farko lafiya. Sai ga ɗan ramin da ke gaban mai shayi.

Ƙurrrr!

"Wayyo! Mene ne?" in ji na but.

Alhaji ya ci gaba. Rami na biyu, ƙurrrr, har da wani ƙas. Da ya isa kwana ya murɗe sitiyari gaba ɗaya zai juyo, sai ta gaba ma ta shiga waƙar, kamar ana yanka katako da zarto. Suka dawo a hankali, motar na gurnani, warin ƙonanniyar roba na bin su. Na but suka dire tun ba ta tsaya ba. Ɗaya ya ce, "Alhaji, motarka ta ci wake!" Majalisa ta fashe, har da masu riƙe ciki.

Na ja Alhaji zuwa tayar baya na ɗora yatsansa a gefenta. Ƙarfe ya riga ya yi mata zane a zagaye, da zafi, ɓarɓashin roba na manne a hannu.

"Wannan tafiyar minti biyu ce a hankali," na ce. "Ka lissafa zuwa Ɗambatta."

Ja'afaru ya fito yana gyara riga, gumi ya jiƙa masa baya. "Ƙaramin abu ne, Alhaji. Guduma za a sa a buɗe bakin bodin. In ya ƙi a ɗan yanke da inji. Haka muke yi."

Alhaji ya juyo a hankali. "A sa wa motata guduma?"

"Kaɗan ne..."

Nan ne, jama'a, ya kamata in yi shiru. Aiki ya riga ya yi kansa. Amma bakin nan da Yaya Hure ke faɗa ya ƙwace.

"Ko ka yanke bodin, Alhaji, ƙafar ta fi ƙarfin motar. Za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, a wannan marra. Allurar gudu ma ƙarya za ta riƙa yi maka, tana nuna tamanin kana kusa da casa'in. In dole sai wilin nan, tayarsa 195/45 ce, siririya, ita ce za ta yi daidai da igiyata. Ita kuma a hanyarmu ramin farko zai lanƙwasa wilin. Gaskiya wannan kaya ba na motarka ba ne, ba na garinmu ba ne. Wanda ya ba ka ko bai san aikinsa ba, ko abin da ya kwanta masa a shago ya kwaso. Kai kuma ƙyalli ka gani ka rufe ido."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta kashe ni. Ina faɗa na ji dariyar majalisa ta ɗauke. Fuskar Alhaji ta haɗe. Mutum ne mai shekara hamsin da biyar, mai faɗa a ji a masallaci, na ce masa ya rufe ido a gaban mahauci da mai shayi.

"Ka ji ko, Alhaji?" in ji Ja'afaru. "Na faɗa maka kishi ne."

Alhaji bai kalle shi ba. Bai kalle ni ba.

"Cire," ya ce. "Mayar mini da nawa."

Na cire, na mayar. Na ɗaure notin ƙarshe. Aka zuba wilin a but, ba wanda ya tuna da zanen gadon, mai shayi ne ya naɗe ya miƙa. Alhaji ya shiga mota, ya leƙo ta taga.

"Da ka ja ni gefe, Mati. Shago gare ka, yana da ƙofa."

Suka tafi.

Wannan magana ta fi zagi ciwo, don gaskiya ce. Na iya auna taya, ban iya auna wuri ba.

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na tura wa Maijidda saƙo: "Ki yi haƙuri." Alama ta nuna ta saurara. Ba amsa. Bayan la'asar na sake turawa: "Na ce masha Allah har sau uku, akwai shaidu." Ta saurara. Shiru. Na duba ko datata ce ta ƙare, ba ta ƙare ba.

A gida Yaya Hure ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ajiye mini tuwo, ta shiga ɗaki, na ji tana jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.

"Yaya, me kike yi?"

"Ina duba zannuwana. Motar Rimin Gado ran Lahadi take tashi."

Washegari Juma'a na buɗe shago ba don ina so ba. Ina cikin yi wa wani baro faci, sai ga jar Golf ta taho a kan tsofaffin ƙafafunta, ta tsaya daidai gabana. Alhaji shi kaɗai. Bai kashe mota ba, ya kuwa san tsadar mai. Na miƙe na goge hannu a wando.

"Barka da asuba, Alhaji. Jiya na yi..."

"Ka yi. Ba ka da ladabi, Mati. Ban taɓa ganin mai neman aure irinka ba. Mutane na zuwa da goro, kai ka tara mini gari."

"Haka ne."

"Kar ka ce mini haka ne." Ya yi tsaki ya kashe motar. "Ka san abin da na tarar a gida? Na shiga da fushina, na ce daga yau kar in sake ganin ƙafarka a sorona. Yarinyar nan tana tsakar gida tana matsar ƙuli. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, 'Yaya, wace taya ce ƙarfen ya yanka?' Na ce ta baya. Ta ce, 'Wa zai zauna a kanta jibi?' Ta wanke hannu, ta fita wajen mota da kanta ta buɗe but, ta shafa wurin yankan a jikin tayar. Ta dawo ta ce, 'Ɗaya ya ba ka abin da zai sa a kalle ka. Ɗaya ya yarda ya rasa ni don in isa Ɗambatta. Ni ba yarinya ba ce, na yi aure na ga mutuwa. In shawarata kake jira, ka ji ta.' A gaban matata, Mati. Jiya sau biyu aka wanke ni."

Ban san lokacin da na zauna a kan baron mutane ba.

"To me ya sa ba ta amsa saƙona ba?" na ce.

"Ni ka tambaya? Ta ce sai ka kwana biyu kana jin yadda shiru yake, ko ka koya."

Ya fito ya buɗe but. Ga wili huɗu da tayoyinsu, an ɗaure da igiya, ba lulluɓi.

"Ka san al'ada. In ba za a ba mutum ba, ba a riƙe kayansa. Yau za su koma, kafin masallaci. Kuma ba ni zan yi bayani ba, don ni ban san sha shida da sha huɗu ba. Kai ka kunce, kai za ka ɗaure. Shiga mu tafi."

"Shagon Ja'afaru? Ni?"

"Kai. A gaban 'yan kasuwarsu. Kuma in ka ce masa bai san aikinsa ba, a can zan bar ka ka dawo a ƙasa." Ya dube ni daga sama har ƙasa, rigar aiki, wando mai faci a gwiwa, silifa kala biyu. Ya girgiza kai. "Je ka sauya kaya tukuna. Ba zan shiga birni da mijin ƙanwata yana warin roba ba."

Na ce, "Alhaji, me ka ce?"

"Ka ji ni. Ba na maimaitawa, mai na tsada."

Jama'a, ni da na shekara ashirin ban yi gudu ba, na bar baro a buɗe da mai shi a tsaye, na yanki gonar gyaɗar Ladan a guje. Na faɗa gida ina haki.

"Yaya! Ina babbar rigata ta Salla?"

Ta fito da zani a hannu. Ta kalli fuskata, ba ta tambaye ni komai ba. Ta saki zanin a ƙasa ta rangaɗa guɗar da sai da awakin maƙwabta suka tsinke.

Muka hau titi. Wilin na ta ƙwanƙwasa juna a baya. Can Alhaji ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"To fara. Ni ne Ja'afaru, ka shigo shagona. Me za ka ce?"

Na gyara murya. "Assalamu alaikum. Ga tarkacenka."

Ya taka burki har hulata ta faɗo kan cinyata.

"Sake," ya ce. "Muna da sauran tafiya."